Kiwon kunkuru a cikin birni: Faɗin wuri da irin ƙasar da yake buƙata

A gidaje da dama na cikin birnin Kano, daga lungunan da ke kewaye da Ƙofar Wambai har zuwa Yakasai da gindin Dala, ba abin mamaki ba ne baƙo ya tarar da kunkuru yana jan jiki a tsakar gida, tsakanin turmi da randa. Wasu sun gaje shi daga iyaye, wasu an kawo musu tsaraba daga ƙauye ko daga Nijar, wasu kuma sun saya wa yara ne don sha'awa. Akwai masu ajiye shi bisa tsohon camfin nan cewa yana tsare gida daga sammu. Ko mene ne dalili, yawanci akan kawo shi ba tare da an yi masa tanadin wuri ba, domin ana ganin dabba ce marar ɗawainiya: ba ya kuka, ba ya ɓarna kamar akuya, ba ya tsallake katanga.

Wannan shirun nasa shi ke cutar da shi. Kunkuru yakan yi shekaru yana ɗauke da ciwo kafin mai gida ya lura, kuma da yawa daga cikin cututtukan da ke kama na gida suna komawa ne ga abu biyu, wato faɗin wurin da aka ba shi da irin ƙasar da yake takawa.

Wane iri ne a gidan?

Kafin a auna wuri sai an san dabbar, domin ba duka ne iri ɗaya ba. Kififiya, mai shimfiɗaɗɗen baya da fata a tsakanin yatsu, 'yar ruwa ce, irin wadda yara ke kamowa a kududdufi da damina, kuma ba ita wannan bayani ya shafa ba. Akwai kuma wani ƙaramin kunkurun tudu da bai cika wuce santimita 20 da 'yan kai ba, wanda ake gane shi da wata gaɓa a ƙarshen ƙoƙon bayansa da ke rufe ƙafafun baya kamar murfi. Shi wannan ya fi son inuwa da laima, yana kuma cin ƙwari da dodon-koɗi ban da ganye.

Wanda ya fi jawo matsalar wuri shi ne babban kunkurun Sahel, mai launin ƙasa-ƙasa ko ruwan rairayi, da manyan ɓawo a ƙafafun gaba da wasu ƙayoyi a bayan cinya. Masana suna kiransa Centrochelys sulcata. Asalin mazauninsa shi ne gefen kudancin Sahara, daga Senegal da Muritaniya, ta Mali da Nijar da arewacin Najeriya da Chadi, har Sudan da Habasha. Shi ne na uku a girma cikin kunkuran tudu na duniya, kuma biyun da suka fi shi duk 'yan tsibiri ne: na Galapagos da na Aldabra. Ranar da ya ƙyanƙyashe bai fi ƙwan kaza girma ba, tsawon ƙoƙonsa kamar santimita 5. Idan ya manyanta, namiji yakan kai santimita 70 zuwa 80, nauyinsa ya haura kilo 50, an kuma sha samun wanda ya kusa kilo 100, wato buhun masara guda. Yana iya rayuwa shekara 70 ko fiye. Ma'ana, wanda ya saya wa ɗansa na firamare ɗan kunkuru yau, mai yiwuwa jikokinsa ne za su yi shawarar inda za a kai shi ranar rabon gadon gidan.

Lissafin faɗin wuri

Kunkurun Sahel dabbar kiwo ce. A daji yana fita da sanyin safiya da na yamma, ya yi tafiya mai nisa yana tsinkar ciyawa, kuma wannan tafiya ita ke ƙarfafa masa ƙafafu da taimaka wa hanjinsa sarrafa abinci. Wanda aka kulle a lungu yakan yi ƙiba marar amfani, ƙafafunsa su raunana, har ya koma jan ƙirji a ƙasa maimakon ɗaga jiki.

Wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa ita ce wadda ma'aikatar gona ta Jamus ta fitar a 1997 kan mafi ƙarancin wurin da ya kamata a bai wa dabbobi masu jan ciki. Ga kunkurun tudu, tsawon wurin ya zama ninki takwas na tsawon ƙoƙonsa, faɗin kuma rabin haka. Mai santimita 10 ke nan yana buƙatar santimita 80 sau 40. Mai santimita 30 yana buƙatar mita 2.4 sau mita 1.2. Babba mai santimita 70 kuwa sai mita 5.6 sau mita 2.8, kusan ƙafa 18 sau 9, wanda ya fi ɗakin nan da magina ke kira sha biyu-sha biyu faɗi. Wannan fa mafi ƙaranci ne, ba abin da ya wadatar ba, kuma an tsara shi ne a ƙasar da sanyi ke tilasta a shigar da dabba cikin ɗaki. A nan inda rana take kyauta, babban kunkuru ya cancanci ninkin haka ko fiye.

A nan gizo ke saƙa. Gidajen cikin ganuwa, musamman a unguwanni masu cunkoso irin na bakin kasuwar Ƙofar Wambai, an yi ta yanka su ana ƙara ɗakuna da shaguna da rumbunan ajiyar kaya, har tsakar gidan da kakanni suka bari da faɗi ta koma ɗan wurin shanya. Gidan da ba zai iya ware wa dabba filin ɗaki guda da rabi ba, gaskiya ba gidan babban kunkuru ba ne, komai son da ake yi masa.

Kada a haɗa maza biyu wuri ɗaya. Namiji yana da wani tsini mai baki biyu da ya fito daga ƙoƙon ƙirjinsa a ƙarƙashin wuya, da shi yake tunkuyi, kuma burinsa a faɗa shi ne ya kifar da abokin karawa. Hausawa kan ce kunkuru ya so dambe ba shi da yatsa, amma wanda ya taɓa ganin manya biyu sun haɗu ya san rashin yatsan bai hana komai ba. Wanda aka kifar a rana, idan ba a tayar da shi da wuri ba, zafi na iya kashe shi. Ana gane namiji da lotsawar ƙirji da doguwar wutsiya. Ko mace da namiji ne, yawan matsawar namijin yakan wahalar da ita, don haka a tanadi inda za a raba su.

Shingen ya zama wanda ba a hangen waje ta cikinsa. Idan waya ce ko ƙarfe mai tazara, kunkuru zai wuni yana tura ta, ya ji wa kansa rauni ko ya ture ta. Layi uku na bulo a sama sun isa, tare da layi biyu a binne a ƙarƙashi saboda haƙa. Wata al'ada da ya kamata a bari ita ce huda gefen ƙoƙo a zura igiya a ɗaure shi kamar tunkiya. Ƙoƙon kunkuru ƙashi ne mai rai, haɗe da haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa, yana da jini da jijiyoyi. Haka ma shafa masa fenti ko bakin mai.

Ƙasar da zai taka

Yawancin tsakar gidan birni yanzu siminti ne, ko tayil, ko bulon nan na intalok. Ga mai shara alheri ne, ga kunkuru kuwa babu ɗaya da ya dace. Siminti yana goge masa ƙoƙon ƙirji da tafin ƙafa a hankali, kamar yadda dutsen wasa wuƙa ke cin ƙarfe, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, daɓen da rana ta doka yakan fi iska zafi nesa ba kusa ba. Mutum yana da takalmi, kunkuru kuwa da ƙirjinsa yake kwanciya a kai. Tayil santsi ne da shi, ɗan kunkurun da ya tashi a kansa ƙafafunsa kan baje gefe su kasa ɗaukarsa. Sannan dukansu suna hana shi abin da halittarsa ta fi buƙata, wato haƙa. Mace ta fi shan wahala a nan, domin idan ta tara ƙwai, ko da babu namiji kusa, sai ta sami ƙasa mai laushi ta haƙa rami kafin ta saka. Idan ta rasa, takan riƙe ƙwan a ciki har ya zame mata ciwon da sai an kai ga likitan dabbobi.

Wasu, da suka ji an ce dabbar hamada ce, sai su sayo yashin gini su zuba. Wannan ma kuskure ne. Kunkurun Sahel ba a kan tulin rairayi yake zama ba, a filayen ciyawa da ƙaya yake, inda ƙasa ke da ɗan ƙarfi. Zallar yashi ba ya riƙe laima, ba ya riƙe rami, yana shiga ido, kuma idan ya manne wa abinci aka yi ta haɗiyarsa yakan taru ya toshe hanji. Tsakuwa ƙanana sun fi shi haɗari, domin kunkuru yakan haɗiye su da gangan, musamman farare, idan jikinsa na ƙarancin sinadarin kalshiyam. Garin katako da ƙaiƙayin shinkafa, waɗanda masu kiwon kaji ke shimfiɗawa, suna da ƙura, suna yin fumfuna idan sun jiƙe, kuma ba sa narkewa a ciki.

Wannan gardama ta yashi ba a kan kunkuru kaɗai ake yin ta ba. A Turai da Amurka mutane da yawa suna kiwon wata tsaka mai ɗigo-ɗigo irin na damisa, 'yar asalin Afghanistan da Pakistan da arewa maso yammacin Indiya, a cikin akwatunan gilashi, kuma shekaru ke nan likitocinsu na gargaɗi kan toshewar hanji saboda yashi. Amma mai karanta irin waɗannan shawarwari a intanet ya lura cewa an rubuta su ne don ƙaramar dabba a ƙasar sanyi. Akwatin gilashin da ya dace da tsaka ba wurin kunkuru ba ne. A Kano ma, idan rana ta same shi, tanda yake zama.

Abin da ya dace shi ne ƙasar gona mai tsabta. Jigawar da ake nomawa a kewayen Kano tana da rairayi daidai gwargwado, ba ta buƙatar ƙari. Idan ƙasar da aka samu mai nauyi ce, sai a haɗa kashi uku nata da kashi ɗaya na yashi. Gwajin ba shi da wuya: a yayyafa mata ruwa, a dunƙula a hannu. Idan ta tsaya a dunƙule amma ta wargaje da an danna ta da yatsa, ta yi. Idan ta zube nan take, yashi ya yi yawa. Idan ta manne wa hannu kamar ta maginin tukunya, laka ce, wadda za ta zama taɓo da damina, ta ƙame kamar dutse da rani.

Inda aka ɗebo ƙasar ma abin dubawa ne. A guji ƙasar bola, wadda ba ta rasa fasassun kwalabe da tsofaffin batura da leda. A guji ta bakin kwata da ta gefen rafin Jakara, inda ruwan dattin birni ke bi, da ta inda ruwan jima ke malala. A guji ta gonar da aka yi wa feshin maganin ciyawa ko aka zuba wa takin zamani kwanan nan. Ita leda, wadda iska ke kawowa ko daga maƙwabta, sai an riƙa tsince ta kullum, domin kunkuru ba ya bambanta ta da ganye.

Idan tsakar gidan siminti ce, abin da ya fi shi ne a fasa ɓangaren da aka ware masa har a tarar da ƙasa. Idan gidan haya ne ba a iya fasawa, sai a kewaye wurin da bulo, a bar ƙofofin fitar ruwa a ƙasa, a cika da ƙasa mai zurfin santimita 30 ko fiye. Wannan zai riƙe matsakaici na wasu shekaru, amma ba zai riƙe babba ba.

Rami da inuwa

Sirrin rayuwar wannan dabba a Sahel shi ne rami. Yana haƙa shi a karkace, tsawon mitoci da dama, ya shige lokacin da rana ta take, ya kuma daɗe a ciki a tsakiyar bazara. Can ƙasa akwai sanyi da laima ko da sama ta bushe ƙurmus. Na gida ma zai nemi yin haka, kuma inda ya fi so shi ne gindin katanga. A unguwar da gini ke jingine da gini, wasu kuma har yanzu na tubali ne, ramin da ya bi ta ƙarƙashin harsashi ya sha ruwan Agusta ba ƙaramin haɗari ba ne ga katangar da mutanen da ke kwana a bayanta. Yana iya ɓullawa gidan maƙwabci, ko ya faɗa ramin masai ko sokawe. Saboda haka a nisanta wurinsa daga waɗannan, kuma daga rijiya.

Maganin da ya fi sauƙi shi ne a riga shi. A gina masa ɗan ɗaki na bulo ko na ƙasa a tsakiyar filin, wanda zai iya shiga ya juya, a rufe da katako mai kauri ko azara, a tula ƙasa a kai da gefe. Rufin kwano shi kaɗai ba ya yi, zafi yake tarawa. Ƙasan ɗakin ya ɗan fi tsakar gida tudu don kada ruwa ya kwanta. Ƙofar kada ta kalli gabas, inda hadari ke tasowa, ko arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke busowa. Ta kalli kudu. Da rani a riƙa yayyafa wa ƙasar ciki ruwa ta yi danshi, ba jagwab ba. Da hunturu, a Disamba da Janairu, lokacin da sanyin dare ke sauka ƙasa da digiri 15, a zuba masa busasshiyar ciyawa a ciki, a saya ƙofar da buhu. Shi ba ya barcin hunturu irin na kunkuran Turai, kuma sanyi haɗe da jiƙa shi ke sa masa ciwon numfashi, wanda ake ganewa da kumfa a hanci.

Filin ya kasance yana da rana da inuwa a lokaci guda, a kowace sa'a ta yini, domin dabbar ba ta iya daidaita zafin jikinta sai ta hanyar matsawa daga nan zuwa can. Hasken rana kai tsaye shi ke ba jikinsa damar yin bitamin D da ke gina ƙashi. Wanda aka ajiye a ɗaki ko a bayan gilashin taga yakan tashi da ƙoƙo mai laushi, domin gilashi yana tare wannan sashe na hasken. Idan za a yi shuka a wurin, kiri-kiri da harkiya sun dace, su ne ma abincinsa na asali, ba ragowar tuwo da shinkafa ba. A cire tumfafiya da zaƙami da zurma da cini-da-zugu idan sun fito. Kwanon ruwa ya zama mai faɗi marar zurfi, a binne shi daidai da ƙasa, domin kunkurun tudu bai iya iyo ba. Farin abu mai kama da alli da yake fitarwa tare da fitsari ba ciwo ba ne, amma idan ya koma tsakuwa-tsakuwa, alama ce ruwa bai ishe shi ba.

'Yan ƙanana

Ɗan kunkuru bai kamata a sake shi a tsakar gida ba. Ɓera yana cinsa da dare, shirwa da hankaka suna ɗauka, cinnaka na taruwa a kansa, ƙafar mutum ma ta isa. Babban bahon roba marar zurfi, irin wanda ake sayarwa a ɓangaren 'yan roba na kasuwar Ƙofar Wambai, ya ishe shi shekarar farko, muddin faɗinsa ya kai lissafin da ya gabata. A huda ƙasansa, a zuba ƙasa mai zurfin santimita 10, a kifa masa rabin tukunyar ƙasa ya zama maɓoya, a rufe sama da raga. A fito da shi hantsi, a mayar inuwa kafin rana ta yi ƙarfi. Baho a tsakiyar rana yana iya kashe shi cikin ɗan lokaci.

Laima ta fi muhimmanci a wannan mataki. A daji ƙanana suna fitowa ne a kusa da damina, suna kuma yin yawancin lokacinsu a ɓoye cikin danshi. Wani bincike da aka wallafa a 2003 daga jami'ar likitancin dabbobi ta Vienna a ƙasar Ostiriya, kan 'ya'yan wannan kunkuru, ya nuna cewa waɗanda aka rena a busasshen wuri sun fi fitar da tudun nan masu kama da dala a ƙoƙon baya fiye da waɗanda aka rena cikin laima. Mutane da yawa suna ɗaukar tudun ado ne, alhali nakasa ce, kuma idan ta fito ba ta komawa. A riƙa jiƙa ƙasar maɓoyarsa, a kuma sa shi cikin ruwa mai ɗumi da bai wuce haɓarsa ba na minti 10 zuwa 15 sau da yawa a mako, musamman da hunturu.

Lafiyar mutanen gida da doka

Akwai wani dalilin ware masa wuri da ya shafi iyali. Kunkuru, kamar sauran masu jan ciki, yakan ɗauki ƙwayar cutar salmonela a hanjinsa ba tare da ta dame shi ba, tana fita a kashinsa, tana kuma sa wa mutum gudawa da zazzaɓi. Saboda ita ne Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru da ba su kai inci 4 ba tun 1975, bayan an ga yadda yara ke kamuwa. A gidan da ake girki da wanke-wanke da shanya hatsi a tsakar gida, jarirai kuma na rarrafe a nan, barin kunkuru yana yawo ko'ina ganganci ne. A kwashe kashinsa kullum, a canza saman ƙasar idan ta ƙazantu, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi. Shingen kuma yana kare shi daga maganin ɓera da fiya-fiya da ake zubawa a lunguna.

A dajin da ya fito kuwa yana ƙarewa. A 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya shi a sahun dabbobin da ke cikin haɗarin ɓacewa, saboda yawan dabbobin kiwo da ke cinye ciyawarsa, da ƙunar daji, da kama shi don ci ko sayarwa. Yarjejeniyar CITES, wadda Najeriya da Nijar duk suna ciki, ta hana fitar da wanda aka kamo daga daji zuwa wata ƙasa don kasuwanci tun shekarar 2000. Najeriya ta kafa dokarta a 1985 kan cinikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Kano ya kamata ya san cewa tsallako da shi iyaka ba kamar tsallako da dabino ba ne. A Senegal har an kafa wani wuri a Noflaye, kusa da Dakar, inda ake karɓar irin waɗannan kunkuru ana kula da su, an kuma mayar da wasu dajin Ferlo.

Wanda nasa ya riga ya fi ƙarfin gidan, kada ya kai shi bayan gari ya yar. Wanda ya saba da gida bai san inda ruwa da mafaka suke ba, yana kuma iya kai wa na daji cuta. Gara a nemi ɗan'uwa mai gona ko lambu da ke da katanga a wajen gari, ko a tuntuɓi likitan dabbobi ko ma'aikatan Gidan Zoo na Audu Baƙo da ke kan titin Zoo don jin shawararsu. Idan za a ɗauke shi a mota, a sa shi a akwatin katako da ciyawa a ƙasa, ƙirjinsa na kallon ƙasa, a yi tafiyar da sassafe.